Kimiyya a Ɗakin Girki: Biskit ɗin Zuma da Yaji na Jamusawa

Gabatarwa

A ƙasar Jamus, da zarar watan Nuwamba ya raba tsakiya, sanyi ya fara tsananta, sai gidaje su shiga shirin bikin Kirsimeti wanda ake yi ran 25 ga Disamba. Wani babban ɓangare na wannan shiri shi ne gashin biskit iri-iri a gida, inda iyaye da 'ya'ya kan taru a ɗakin girki makonni huɗu kafin ranar bikin. Daga cikin waɗannan biskit akwai wanda ya fi saura tsufa da suna, shi ne Lebkuchen, wanda ake furtawa kamar "lebkuhen". Launinsa ruwan ƙasa ne, ana kuma yin sa da zuma da fulawa da kayan yaji irin su kirfa da kanumfari da citta.

Duk wanda ya saba ganin yadda ake yin burodi ko fanke, idan ya dubi yadda ake yin wannan biskit zai ci karo da abubuwa uku masu ɗaure kai. Na farko, ba a sa masa yis, amma yana tashi. Na biyu, masu sana'arsa kan ajiye kwaɓinsa makonni, wani lokaci watanni, ba tare da ya lalace ba. Na uku, yakan fito daga tanderu da tauri, sa'an nan ya riƙa yin laushi yayin da yake kwana, alhali kuwa burodi da laushi yake fitowa, daga baya ya bushe. Amsoshin waɗannan tambayoyi suna cikin darussan da ɗaliban sakandare ke koya a ajin kimiyyar haɗa sinadarai da na nazarin halittu. Manufar wannan maƙala ita ce a bi su ɗaya bayan ɗaya, a kuma nuna yadda za a gwada su a gida ko a makaranta.

Asalinsa da Birnin da Ya Yi Fice da Shi

Tun a tsakiyar zamanai, malaman addinin Kirista da ke zaune a gidajen ibada na kudancin Jamus suke gasa wainar zuma mai yaji. Rubutattun bayanai sun ambaci masu wannan sana'a a birnin Ulm a shekarar 1296, a birnin Nurembag kuma a 1395. A gabashin ƙasar ana kiran biskit ɗin Pfefferkuchen, wato "wainar barkono", ko da yake sau da yawa babu barkono a cikinsa. Dalili kuwa shi ne a wancan zamani Jamusawa kan kira duk kayan ƙamshin da aka kawo daga nesa da sunan barkono, kamar yadda Bahaushe ke haɗa citta da kimba da masoro ya kira su kayan yaji.

Abubuwa biyu suka sa Nurembag ta yi wa sauran birane fintinkau. Na ɗaya zuma. Birnin yana kewaye da wani babban daji mallakar sarki, wanda aka yi wa laƙabi da "lambun ƙudan zuma na daula". Akwai wasu mutane da ake kira Zeidler, waɗanda sana'arsu ita ce fafe kogo a jikin itatuwan dajin domin ƙudan zuma su zauna, su kuma su ɗebi zumar. Muhimmancinsu ya kai a shekarar 1350 Sarki Karl na Huɗu ya ba su takardar 'yanci ta musamman, suna da kotunsu a garin Feucht. Na biyu ciniki. Nurembag tana kan mahaɗar manyan hanyoyin fatauci, musamman wadda ta taso daga Benis ta ƙasar Italiya ta ƙetaro duwatsun Alps. Ta wannan hanya kirfa daga Siri Lanka, citta da barkono daga Indiya, kanumfari da gyaɗar ƙamshi daga tsibiran Maluku na Indonesiya ta yau suke isowa, bayan sun bi ta hannun fataken Larabawa. Sawun wannan ciniki yana nan har a bakinmu, domin kalmomin kanumfari da kirfa daga Larabci Hausa ta aro su, wato daga ƙaranful da ƙirfa.

An ruwaito cewa a shekarar 1487, lokacin da Sarki Friedrich na Uku ya yi taron majalisar daula a Nurembag, ya raba wa yara kimanin 4,000 wannan biskit ɗauke da hotonsa. A 1643 hukumar birnin ta amince wa masu gasa shi su kafa ƙungiyar sana'arsu daban da ta masu burodi. Tun daga 1996 dokar Tarayyar Turai ta hana a sayar da wani biskit da sunan "Lebkuchen na Nurembag" sai in a cikin birnin aka yi shi.

Lebkuchen ya kasu gida biyu. Akwai mai ruwan ƙasa, wanda ake yi da kwaɓi mai tauri na zuma da fulawa, a murza shi a yanka. Akwai kuma wanda ake shafa kwaɓinsa mai laushi a kan wata siririyar farar waina ta fulawa da ruwa, wadda ke hana shi manne wa faranti. Mafi daraja a wannan gida na biyu shi ne Elisenlebkuchen, wanda ƙa'idar abinci ta Jamus ta ce dole ya ƙunshi aƙalla kashi 25 cikin 100 na 'ya'yan itatuwa masu maiƙo irin su almon, fulawarsa kuma kada ta wuce kashi 10 cikin 100. Bayaninmu zai fi karkata ga mai ruwan ƙasa, domin shi ne ya fi sauƙin yi, a cikinsa ne kuma aikin sinadarai ya fi fitowa fili.

Zuma: Dalilin da Ya Sa Ba Ya Lalacewa

Zuma mai kyau tana da ruwa kimanin kashi 17 zuwa 18 cikin 100 kacal. Sauran kusan duk sukari ne, mafi yawansa iri biyu: furoktos kimanin kashi 38, da gulukos kimanin kashi 31. Ƙwayoyin bakteriya da na fumfuna ba sa iya rayuwa sai da ruwa, kuma abin da ke da muhimmanci gare su shi ne ruwan da yake sake, wanda sukari ko gishiri bai riƙe ba. A cikin zuma, sukari ya ƙanƙame ɗan ruwan da ke akwai. Idan ƙwayar bakteriya ta faɗa ciki, ruwan da ke jikinta ne zai ratso ta fatarta ya fito, domin ruwa kullum yana barin wurin da narkakken sinadari ya yi ƙaranci ya nufi inda ya yi yawa. Wannan shi ne osmosis da ake koyarwa a aji. Ƙwayar sai ta tsotse, ta kasa hayayyafa. Masana suna auna wannan sakakken ruwa da wani ma'auni daga 0 zuwa 1. Tsurar ruwa yana kan 1, yawancin bakteriya suna bukatar fiye da 0.9, yawancin fumfuna fiye da 0.8, zuma kuwa tana wajen 0.6.

Wannan hali na zuma ne ke bin kwaɓin, ya kuma bi biskit ɗin bayan gashi. Shi ya sa fatake da matafiya na da suka ɗauke shi guzuri, ya kuma dace da lokacin sanyi, sa'ad da gona ba ta ba da komai.

Furoktos yana da wani hali kuma, shi ne jawo laimar da ke cikin iska. A lokacin gashi zafi yakan kori yawancin ruwan kwaɓin, sukarin ya daskare kamar alewa, biskit ya fito da tauri. Da ya kwana biyu, furoktos zai riƙa jawo laima kaɗan-kaɗan, sukarin ya saki jiki, biskit ya yi laushi. Matan Jamus sun san wannan tun kafin a san sunan furoktos. Sukan zuba biskit ɗin a gwangwani mai murfi, su sa yankan tufa guda a ciki, su riƙa canza shi bayan kwana biyu don kada ya yi fumfuna. Ruwan tufar ne ke tashi ya cika iskar gwangwanin, biskit ɗin ya sha.

Tarihi ya taɓa tilasta wa wasu masu sana'ar su rabu da zuma. A shekarar 1806 Napoleon na Faransa ya hana jiragen ruwan Ingila ciniki da nahiyar Turai, sai sukarin rake da zumar da ake shigowa da su suka yi wuya. Masu gasa irin nasu biskit ɗin a birnin Aachen, wanda ake kira Printen, suka koma amfani da sukari da maɗin da ake samu daga saiwar wani tsiro mai suna bit. Wani masanin sinadarai na Berlin, Andreas Marggraf, shi ya gano tun a 1747 cewa sukarin wannan saiwa daidai yake da na rake. Har yau da irin wannan maɗi ake yin Printen, an kuma san shi da tauri.

Abin da Ke Sa Shi Tashi

Yis halitta ce mai rai. Yana cin sukari ya fitar da iskar kabon-dayoksaid, ita ce ke kumbura burodi. Amma a cikin kwaɓin da zuma ta yi wa yawa, abin da ke samun bakteriya shi zai sami yis: ruwan jikinsa zai fita, ya kasa aiki. Saboda haka masu Lebkuchen suka nemi iskar daga sinadarai marasa rai guda biyu.

Na farko shi ne Pottasche, wato "tokar tukunya". A da, akan jiƙa tokar itace, a tace ruwan, a dafa shi cikin tukunya har ya ƙafe ya bar farin gari. Sunansa na kimiyya fotasiyam kabonet, K₂CO₃. Daga wannan kalma ta tokar tukunya aka samo sunan ƙarfen fotasiyam, wanda Humphry Davy na Ingila ya fara warewa a 1807 ta hanyar amfani da lantarki. Alamarsa K kuwa daga kalmar kaliyum take, wadda asalinta Larabci ne, al-ƙali, wato tokar tsirrai. Daga nan kuma aka sami kalmar alkali, sunan da masana ke ba sinadaran da ke kashe tsami. Kada ɗalibi ya rikita ta da alƙalin kotu.

Mai karatu zai lura cewa wannan sinadari ba baƙo ba ne a gidajenmu. Ruwan tokar da ake tacewa daga tokar kara a sa a miya, babban abin da ke cikinsa shi ne fotasiyam kabonet. Kanwa kuwa, wadda ake haƙowa a yankin Tafkin Chadi da ƙasar Manga, aikinta ya yi kama da na toka, amma yawancinta sodiyam kabonet ne da sodiyam baikabonet, gauraye da gishiri da ƙasa. Dukansu alkali ne, shi ya sa suke sa wake saurin nuna, suke kuma kashe tsamin yakuwa.

Fotasiyam kabonet ba ya sakin iska don zafin tanderu kawai. Sai ya haɗu da asid:

K₂CO₃ + 2H⁺ → 2K⁺ + H₂O + CO₂

Zuma tana da ɗan asid, domin ma'aunin pH nata yana wajen 4. Sai dai asid ɗin da ke cikin zuma giram 250 bai kai ko kashi ɗaya cikin huɗu na abin da giram 5 na tokar ke bukata ba. Ke nan yawancin tokar yakan saura a cikin kwaɓin, ya mayar da shi alkali. Wannan ragowa tana sassauta gulutin, wato furotin ɗin alkama mai danƙo, har kwaɓin ya bazu a kan faranti. Tana kuma ƙara wa biskit duhun launi, tana taimaka masa ya jawo laima. Shi ya sa masu sana'ar ke cewa toka faɗi take ba biskit.

Na biyu shi ne Hirschhornsalz, wato "gishirin ƙahon barewa". An kira shi haka ne domin a da ana samun sa ta hanyar ƙona ƙaho da kofato da fata a rufaffiyar tukunya. Yanzu a masana'anta ake haɗa shi, kuma mafi yawansa amoniyam baikabonet ne. Shi ba ya bukatar asid. Da zafi ya kai wajen digiri 60 a ma'aunin Salsiyos, sai ya tarwatse baki ɗaya:

NH₄HCO₃ → NH₃ + CO₂ + H₂O

Ɗalibi zai iya lissafa yawan iskar da kansa. Nauyin mol ɗaya na amoniyam baikabonet giram 79 ne, don haka giram 5 ya kama mol 0.063. Tun da mol ɗaya na iska yana cika kimanin lita 24 a zafin ɗaki, za a sami kusan lita ɗaya da rabi ta kabon-dayoksaid, da wata lita ɗaya da rabi ta amoniya, jimla lita 3 daga abin da bai wuce ƙaramin cokali ba. A cikin zafin tanderu kuwa iskar za ta ƙara buɗewa. Wannan ne ke ba biskit ɗin tudu. Idan aka kwatanta, giram 5 na sodar gashi, wadda 'yan kasuwa ke kira bekin soda, wato NaHCO₃, yana ba da kimanin lita 1.4 in ya sami isasshen asid, ko rabin haka in zafi kaɗai ya yi aiki a kansa.

Gishirin ƙahon barewa yana da sharaɗi guda. Amoniya tana da wari mai hawa kai, tana kuma narkewa cikin ruwa da sauƙi. A cikin siririn biskit da ke bushewa a tanderu, takan fice gaba ɗaya ba ta bar komai ba. A cikin kek mai kauri da laima kuwa za ta maƙale ta ɓata ɗanɗanonsa. Saboda haka ba a amfani da shi sai a abin da yake shimfiɗaɗɗe. Akan narkar da toka da gishirin ƙaho kowanne a ƙoƙonsa, a zuba su ɗaya bayan ɗaya, domin in aka haɗa su a ruwa guda tokar za ta kori amoniyar tun kafin ta shiga kwaɓi.

Hutun Kwaɓi

Masu sana'ar gargajiya kan ɗumama zuma, su kwaɓa ta da fulawar alkama da ta wani hatsi ɗan'uwanta da ake kira rai, su zuba a gangunan katako, su ajiye a ɗaki mai sanyi makonni ko watanni. A wannan lokaci garin yakan sha zumar sosai, danƙon kwaɓin ya kwanta, sa'an nan a hankali asid ya ƙaru a cikinsa sakamakon aikin wasu ƙananan halittu masu jure sukari. Wannan ƙarin asid shi ne abin da tokar ke jira, yana kuma ba biskit ɗin wani ɗanɗano da sabon kwaɓi ba shi da shi. Garin Pulsnitz na gabashin Jamus, inda aka ba masu burodi izinin gasa wannan biskit a 1558, har yau yana da ƙananan gidajen sana'a da ke bin wannan hanya.

Wajibi ne a lura cewa kwaɓin da ake ajiyewa haka zuma ko maɗi ne da fulawa kaɗai. Ƙwai da mai da yaji da sinadaran kumburi sai ranar gashi ake zuba su. Kwaɓin da aka riga aka fasa wa ƙwai ba ya jure dogon zama, balle a ƙasa mai zafi.

Launi, Ƙamshi, da Wani Haɗari

Ruwan ƙasar biskit ɗin daga wata haɗuwa yake zuwa tsakanin sukari irin su gulukos da furoktos da kuma amino asid na furotin, idan zafi ya yi yawa. Wani likita Bafaranshe, Louis-Camille Maillard, shi ya fara bayyana ta a 1912, ana kuma kiranta da sunansa. Ita ce ke ba ɓawon burodi da tsire da soyayyiyar gyaɗa launinsu da ƙamshinsu. Haɗuwar Maillard tana sauri a inda akwai alkali, tana jinkiri a inda akwai asid. Lebkuchen ya tara duk abin da take so: sukarin zuma, furotin ɗin fulawa, da toka.

Ƙamshin yajin kuwa daga wasu mayuka masu saurin tashi yake fitowa. Na kirfa sunansa sinamaldihaid, na kanumfari kuma yujinol, wanda likitocin haƙori suka daɗe suna amfani da shi don rage zogi. Waɗannan mayuka suna narkewa cikin mai, suna kuma ci gaba da ratsa biskit ɗin bayan gashi. Shi ya sa wanda ya yi mako biyu a gwangwani ya fi na jiya ƙamshi. Gwaje-gwaje sun nuna cewa sinadaran biyu suna rage hayayyafar fumfuna, amma ɗan abin da ake sawa a biskit taimako ne kawai. Babban mai kare shi shi ne ƙarancin sakakken ruwa.

A shekarar 2002 masana a ƙasar Suwidin suka sanar da cewa haɗuwar Maillard tana haifar da wani sinadari mai suna akirilamaid a cikin abincin da aka soya ko aka gasa, musamman dankalin Turawa da kayan fulawa. Yana samuwa ne idan wani amino asid mai suna asparajin ya haɗu da gulukos ko furoktos a zafin da ya wuce digiri 120. Tun a 1994 hukumar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi a jerin abubuwan da mai yiwuwa ne suna jawo wa mutum wannan cuta. Da aka auna kayan abinci iri-iri, sai aka tarar Lebkuchen yana cikin masu yawansa. Wani bincike da aka yi a Zurich ta ƙasar Suwizalan, aka buga a 2004, ya gano cewa gishirin ƙahon barewa ne ke ingiza samuwarsa ƙwarai, kuma idan aka maye gurbinsa da sodar gashi adadin yakan ragu da fiye da rabi. A 2017 Tarayyar Turai ta sa ma'aunin maikirogiram 800 a kowane kilo ga irin wannan biskit, wanda duk masana'antar da ta wuce shi za ta sake duba hanyar aikinta. Darasin ga mai gashi a gida a fili yake: a yi amfani da soda, kada zafi ya wuce kima, a kuma sauke biskit kafin gefensa ya yi baƙi.

Kirfa ma tana da nata gargaɗin. Irin da ya fi yawa a kasuwa, wanda ake kira kasiya, yana ɗauke da sinadarin kumarin, wanda yawansa ke iya taɓa hanta. A 2006 hukumomin Jamus suka ja kunnen jama'a game da biskit ɗin Kirsimeti masu yawan kirfa, musamman ga ƙananan yara. Adadin da aka amince mutum ya ci kullum shi ne miligiram 0.1 ga kowane kilo na nauyin jikinsa. Kirfar Siri Lanka, mai siraran ɓawo da aka naɗe kamar takarda, kumarin ɗinta kaɗan ne ƙwarai.

Yadda Ake Yin Sa a Gida

Kayan da ake bukata su ne:

Zuma, giram 250
Sukari, giram 100
Bota ko man shanu, giram 75
Fulawa, giram 500
Ƙwai, guda 1
Sodar gashi, giram 5, wato ƙaramin cokali ɗaya
Garin kirfa, ƙaramin cokali biyu
Garin kanumfari da na citta, rabin ƙaramin cokali kowanne
Garin gyaɗar ƙamshi da gishiri, ɗan kaɗan

A zuba zuma da sukari da mai a tukunya, a ɗora a kan wuta marar ƙarfi, ana juyawa har sukarin ya narke. Kada a bari ya tafasa, domin ruwan zai ƙafe, biskit ya yi taurin da ba zai saki ba. A sauke a bar shi ya huce har yatsa ya iya jure shi. Wannan jira yana da dalili: in da sauran zafi, ƙwan zai dahu, sodar kuma za ta saki iskarta tun a kwano. A tankaɗe fulawa tare da yaji da gishiri. A narkar da sodar a babban cokali biyu na ruwa. Sai a haɗa duka, a cuɗa har kwaɓin ya yi sumul. A rufe shi a sa a firiji kwana ɗaya ko biyu. Inda babu firiji, a kwaɓa zumar da sukari da fulawa kaɗai a bari su kwana, washegari a cuɗa sauran kayan a ciki.

Ranar gashi a barbaɗa fulawa a kan tebur, a murza kwaɓin da muciya ko kwalba mai tsabta har kaurinsa ya zama rabin santimita ko ya ɗan fi. A yanka da bakin kofi ko da wuƙa. Jamusawa kan fitar da siffar tauraro ko zuciya, su dasa almon a kai. Ɓararriyar gyaɗa za ta yi wannan aiki. A jera a farantin da aka shafa wa mai, a bar tazara tsakani domin zai bazu. A gasa a zafin digiri 170 zuwa 180, minti 12 zuwa 15. Wanda ba shi da tanderu zai iya zuba yashi mai tsabta a babbar tukunya, ya rufe ya ɗora a kan garwashi har ta ɗauki zafi, ya ɗora farantin a kan duwatsu uku a ciki, kamar yadda mata da yawa ke gasa kek. Tun da babu ma'aunin zafi a nan, a fara gwadawa da guda biyu. Idan ana son ado, a dama garin sukari mai laushi da ruwan lemon tsami a shafa tun biskit ɗin yana da ɗumi.

Bayan ya huce a zuba a gwangwani a rufe, a ba shi mako ɗaya ko biyu. A ƙasar Hausa watan Disamba lokacin hunturu ne, iska a bushe take ƙayau, don haka biskit ɗin da aka bari a fili ba zai sami laimar da zai jawo ba. Yankan tufa ko na lemon zaƙi a cikin gwangwani ya zama dole. Da damina kuwa akasin haka ne, murfi mai ƙarfi ake bukata don kada ya jiƙe. Kada a ba jaririn da bai cika shekara ba abin da aka yi da zuma, ko da an gasa, saboda ƙwayoyin wata cuta da zafin tanderu ba ya tabbatar da kashe su.

Gwaji Domin Aji

Malami zai iya raba kwaɓi guda gida huɗu kafin a sa soda. Kashi na farko a bar shi haka. Na biyu a sa masa soda. Na uku a sa soda daidai da na biyu, a ƙara ƙaramin cokali na ruwan lemon tsami. Na huɗu a sa masa ruwan toka. A murza su kauri ɗaya, a yanka da kofi ɗaya, a gasa a faranti ɗaya. Ɗalibai su auna tudu da faɗin kowanne da rula kafin gashi da bayansa, su jera su daga mafi haske zuwa mafi duhu, su kuma yi bayanin abin da suka gani bisa abin da aka faɗa a sama. Kashi na huɗu na kallo ne da aunawa, domin ƙarfin ruwan toka ya bambanta daga gida zuwa gida.

Domin sanin wanne ne asid, wanne ne alkali, ba sai an sayi takardar litmos ba. Jiƙaƙƙen zoɓo marar sukari ya isa: yakan ƙara ja a cikin asid, ya koma kore-kore a cikin alkali. A ɗiga shi a kan zumar da aka sirka da ruwa, da ruwan lemon tsami, da ruwan soda, da ruwan kanwa, da ruwan toka, a rubuta launin kowanne. Gwaji na ƙarshe na bukatar sikeli mai kyau na ɗakin gwaje-gwaje. A auna biskit biyu da suka huce, a bar ɗaya a fili, a rufe ɗaya a gwangwani da yankan lemo, a riƙa auna su kullum har mako guda, a zana jadawalin nauyinsu. Kada a taɓa sa sinadarin da aka ɗauko daga ɗakin gwaje-gwaje a cikin abin da za a ci.

Kammalawa

Masu gasa Lebkuchen na ƙarni na 14 ba su san osmosis ko pH ba. Ta hanyar gwaji da lura suka gane cewa zuma tana hana lalacewa, toka tana sassauta kwaɓi, ajiya tana ƙara daɗi. Kimiyya ta zo daga baya ta bayyana dalilai, a batun akirilamaid kuma ta nuna wurin da al'adar ke bukatar gyara, masu sana'a da yawa suka sauya hanyar aikinsu. Irin waɗannan tambayoyi suna nan jibge a ɗakunan girkinmu. Ɗalibin da ya fahimci aikin toka a biskit ɗin Jamusawa ya sami makamin da zai binciki aikin kanwa a ɗanwake, ko dalilin da ya sa alkaki da nakiya suke daɗewa ba su lalace ba. Muna fatan malamai za su gwada waɗannan ayyuka da ɗalibansu, su kuma aiko wa wannan mujalla sakamakon da suka samu.